Darasi na 11: Gina Ƙasar Wasa Daga Ƙetaren Kogin Kaduna

Wasan da za mu koya a wannan darasi ba ya cin data, ba ya jiran a kawo wuta. Tebur ko tabarma, takarda da fensir, da mutum huɗu ko biyar masu son hira, shi ke nan kayan aikinsa. Mutum ɗaya ne ke jan labari, shi zai faɗi inda ake da abin da ke faruwa. Sauran kuma kowa ya ɗauki mutum ɗaya a cikin labarin ya zama shi: wannan maharbi, waccan ungozoma, wancan tsohon direban jirgin ƙasa. A tatsuniya, mai bayarwa ya san ƙarshe tun bai buɗe baki ba, masu saurare nasu amsawa ne da dariya. A nan kuwa babu wanda ya san ƙarshe, har shi mai jan labarin. In ya ce, "Ga kwale-kwale a ɗaure a bakin ruwa, mai shi ba ya nan," ɗan wasa yana iya kwancewa ya hau, yana iya zama ya jira, yana iya tafiya neman mai shi. Abin da ya zaɓa, nan labarin zai bi.

Idan aka zo inda ba a san ko abu zai yiwu ko ba zai yiwu ba, kamar tsallake katanga ko shawo kan mai gadi, sai a jefa ƙwayar nan ta ludo mai ɗigo ɗaya zuwa shida. Abu mai sauƙi, 3 zuwa 6 ta wadatar. Abu mai wuya, sai 5 ko 6, wato sau ɗaya cikin uku ke nan ake sa ran dacewa. Dattawan aji za su tambaya ko wannan ba caca ba ce, kuma tambayar tana kan hanya. Ba a sa kuɗi, ba wanda ke cin wani, duk 'yan wasan gefe ɗaya suke. Wanda kuma ba ya son taɓa ƙwayar saboda abin da malamansa suka karantar da shi, sai a yanka takardu shida, a rubuta 1 zuwa 6, a nannaɗe, a zuba a hula. Lissafin ɗaya ne, muddin ana mayar da takardar da aka zara kafin a sake ɗauka.

Fitaccen wasa irin wannan shi ne Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka fitar a Amurka a 1974. Ƙasashen da aka fara ƙirƙira masa duk kamannin Turai ta da ne, dawakai da sulke da ganuwar dutse. Daga baya aka sami waɗanda suka ɗebo daga Afirka, irin su Nyambe a 2002 da Spears of the Dawn a 2013. A gida Nijeriya ma akwai masu ƙera wasannin kan tebur. Kamfanin NIBCARD Games na Abuja ya karɓi lambar yabo ta Diana Jones a 2021. Amma mu ba sai mun sayi littafin kowa ba. Abin da za mu koya shi ne aikin farko na mai jan labari, wato shirya yankin da 'yan wasa za su fara buɗe ido a cikinsa.

Kada a fara da duniya

Sabon mai jan labari yakan yi zumuɗi. Zai zana masarautu bakwai, ya jera sunayen sarakuna na shekara dubu, ya tsara yaƙe-yaƙe da gadon sarauta. Ranar wasa kuwa, tambayar farko da za a yi masa ita ce, "To, ina za mu ci abinci?" Sai ya kama sosa ƙeya. 'Yan wasa ba sa taɓa masarauta da hannu. Abin da suke taɓawa shi ne rumfar mai shayi, da ƙofar da aka kulle, da mutumin da ya ƙi amsa sallama.

Gygax da kansa ya nuna haka a 1979 cikin wani ɗan littafin wasa mai suna The Keep on the Borderlands. Ganuwa ce guda ɗaya mai masauki da 'yan shaguna, sai kogunan dutse masu haɗari da ba su da nisa da ita. Mutane masu ɗimbin yawa da wannan ɗan wuri suka koyi wasan. Ma'aunin da za ku riƙe shi ne ƙafa: yankin farko kada ya wuce inda mutum zai fita da safe, ya je ƙarshensa, ya dawo kafin magariba. Daga shataletalen tashar jirgi zuwa Sabon Tasha, in aka bi hanyar Kachia, bai wuce haka ba. To, abin da ke tsakanin nan ya ishe ku wasan wata shida.

Me ya tara mutane a nan?

Kafin ku zana komai, ku amsa wannan tambaya ɗaya game da yankinku: da me ake ci a nan? Wanda ya amsa ta da kyau, rabin aikinsa ya ƙare, domin daga ita ake sanin su wa ke zaune a wurin, me suke tsoro, kuma a kan me za su yi faɗa. Kudancin garin Kaduna ya dace da wannan darasi ne saboda amsar a fili take, kuma da yawa cikinku kun gan ta da idonku.

Da farko akwai kogi. Ya taso daga tsaunukan Jos, ya ratsa garin, ya wuce ta Shiroro har ya faɗa kogin Kwara. Gbagyi, waɗanda Hausawa ke kira Gwari, su ne suka riga kowa zama a wannan ƙasa, suna noma da farauta. Sai layin dogo ya zo. Wanda ya taso daga Baro ya ƙetare kogin a nan, ya isa Kano a 1911. A 1917 Turawa suka dawo da hedikwatar Arewa daga Zungeru zuwa Kaduna, suka kafa ofisoshi da gidajen manya a arewacin kogi. A 1927 layin gabas, wanda ya taso daga Fatakwal ya biyo ta Kafanchan, ya zo ya haɗu da na farko a kudancin kogi. Ku lura da rabon da aka yi tun a lokacin: mulki a can, aiki a nan.

Inda jirgi ya tsaya, nan kaya ke sauka, shi ya sa masana'antu suka zaɓi Kakuri. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki, haɗin gwiwar gwamnatin Jihar Arewa ta zamanin Sardauna da wani kamfanin saƙa na Ingila, David Whitehead and Sons. Cikin shekarun 1960 Nortex da UNTL da Arewa Textiles suka biyo baya. Auduga tana zuwa daga Funtua da Gusau da Zariya, tana fita yadi da atamfa. Kamfanin ƙera makamai na DICON ya kafu a 1964, Peugeot ta fara haɗa motoci a 1975, matatar mai kuma aka buɗe ta a 1980 can gaba da Sabon Tasha, a lokacin ana turo mata ɗanyen mai ta bututu tun daga kudancin ƙasar.

Waɗannan shekaru ba don a haddace su aka kawo ba. Ku dubi abin da masaƙa ɗaya ke jawowa. Ma'aikaci yana buƙatar ɗakin haya, sai aka yi masu gidajen haya a Kakuri da Makera da Nasarawa da Tirkaniya. Yana tashi aikin dare da yunwa, sai aka yi masu tuwo-tuwo da masu shayi a bakin ƙofa. Yana hawa keke, sai aka yi mai faci. Albashi ba ya kai ƙarshen wata, sai aka yi mai shago da littafin bashi, da uwar adashi. Mutane sun zo daga Binuwai da Filato da kudancin jihar, daga ƙasar Nupe da ta Yarbawa da ta Ibo, daga Katsina da Kano, kowa da yarensa, Hausa ta zama harshen ciniki da na gaisuwa a tsakar gida. In jiniya ta yi kuka lokacin canjin aiki, titi ya cika maƙil. Inda ma'aikata suka taru kuwa ƙungiya ba ta rasa tasowa. Adams Oshiomhole, wanda ya shugabanci ƙungiyar ƙwadago ta ƙasa kuma ya yi gwamnan Edo, daga masaƙar Arewa Textiles ya fara.

Sannan abin ya tsaya. Rashin wuta, tsadar baƙin mai, da yadin waje da ake shigowa da shi ta ɓarauniyar hanya suka taru suka karya masaƙun. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta bi sahu a 2007, ko da yake an sake buɗe ta daga baya na wani lokaci. Ma'aikata da yawa suka koma acaba da gadi da ƙananan sana'o'i, wasu suka tsufa suna jiran kuɗin sallama. Mai tuwo ta rasa masu saye, mai gida ya rasa ɗan haya mai albashi.

Ga mai jan labari, wannan shi ne zuciyar darasin. Wuri ya fi ba da labari idan abin da ya tara mutanensa ya girgiza. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Yankin da kowa ya ƙoshi, ba wanda ke bin wani bashi, ba abin da jarumai za su yi a cikinsa sai barci.

Zanen taswira

Ku ɗauki farar takarda, ku fara da ruwa. Ku ja kogin a sama, daga wannan gefe zuwa wancan. Sannan ku sa gada guda ɗaya tak. A zahiri yau gadojin sun yi yawa: akwai tsohuwar da ta haɗa shataletalen filin wasa na Ahmadu Bello da na tashar jirgi, akwai ta hanyar Nnamdi Azikiwe a yamma, akwai ta hanyar Yakowa wajen Kamazou, da wadda ta haɗa Kabala Costain da Barnawa. Wannan alheri ne ga masu zuwa aiki, amma asara ce ga mai jan labari. In gada ɗaya ce, duk wanda ke tsaronta ya zama babban mutum, kuma ranar da aka rufe ta masu fito sun sami kasuwa.

Bayan ruwa sai hanya. Ku ja babban titi daga gadar zuwa kudu, ku raba shi biyu a ƙasa, kamar yadda hanyar Kachia ta rabu da ta Abuja mai bi ta Gonin Gora. Ku ja layin dogo a gefensa. Kada ku damu da iyakokin hukuma. Ƙaramar hukumar Kaduna ta Kudu hedikwatarta tana Makera, amma ta haɗa har da Tudun Wada da ke wancan ƙetaren, Sabon Tasha da Narayi kuma suna ƙarƙashin Chikun mai hedikwata a Kujama. Wa ya taɓa tuntuɓe da wannan iyaka yana tafiya? Kogi da titi da tudu su ne abin da ƙafa ta sani.

Yanzu ku ɗiga wurare. Biyar zuwa bakwai sun isa. Ɗaya daga ciki dole ya zama gida, inda jarumai za su kwana, su ci, su ji labarai, a yi musu magani in sun ji rauni. Kasuwa ma dole ce, irin Kasuwar Monday ta Kakuri. Sauran su zama wuraren da ake shakkar zuwa: masana'antar da aka rufe, tsofaffin taragon da ciyawa ta cinye a bayan tasha, tsibirin yashi da ke fitowa da rani. Tsakanin kowane wuri biyu ku rubuta tsawon tafiya, ba da kilomita ba, da lokaci: kwata, rabin awa, awa ɗaya. Faɗin yatsa ɗaya a takarda ya zama tafiyar kwata. Wanda ya yi wannan awo sau biyu ya koyi karanta ma'aunin kowace taswira.

Sunaye kuwa ku canza su. Yankinmu na misali za mu kira shi Ƙetare kawai, masaƙarsa kuma Tsohuwar Masaƙa. Canza suna yana sakar muku hannu: kuna iya sa zamanin dawakai ko na jirgin gawayi, kuna iya sa 'yan ruwa a kogin in kuna so, kuma ba wanda zai tashi ya ce ai gidan kawunsa ne kuka mayar maɓoyar ɓarayi.

Mutanen gari

Duk wanda jarumai za su haɗu da shi, mai jan labari ne ke magana da bakinsa. Ba a buƙatar tarihin rayuwarsa. Layi uku sun isa: abin da yake so, abin da yake ɓoyewa, da wata alama da za a riƙa gane shi da ita. Ga na Ƙetare.

Akwai tsohuwa mai tuwo a ƙofar masaƙa, kowa Inna yake ce mata. Tun masaƙa na aiki take nan, kuma har yau tana riƙe da littafin bashin ma'aikata, wani tsohon littafi da mai ya jiƙa bangonsa. Ba ta iya karatu ba, da zane-zanen tsaye take lissafi, amma ba ta taɓa kuskuren kwabo ba. Rumfarta ce gidan jarumai. So take a biya mutanen nan haƙƙinsu don ita ma a biya ta. Abin da take ɓoyewa shi ne kullum da dare tana aika kwanon tuwo cikin masaƙar da aka ce ba kowa a ciki.

Akwai Baba mai gadi, wanda ba a sallame shi ba, ba a kuma biyansa, yana nan da tsohuwar rigar aiki da tarin makullai a ƙugu. Akwai dillalin ƙarafa mai fara'a, mai yawan kyauta, wanda ya riga ya karɓi kuɗin wani attajiri na wancan ƙetaren a kan zai kawo masa injunan masaƙar. Akwai shugaban tsofaffin ma'aikata, wanda ke ganin injunan nan su ne jinginar kuɗin sallamarsu, in suka fita shi ke nan. Akwai sarkin ruwa, wanda masu fito da masunta ke jin maganarsa. Dillali ya yi masa tayin kuɗi mai tsoka don a ƙetarar da kaya da dare, shi kuma yana da 'ya'ya da zai aurar.

Ku lura, babu mugu tsantsa a cikinsu. Dillali ma cika alkawari yake nema. Wannan ya fi dodo mai ƙaho daɗin wasa, domin dodo sara kawai ake kai masa, amma sarkin ruwa ana iya lallashinsa, ana iya tsorata shi, ana iya biyansa fiye da yadda dillali ya biya, kuma kowace hanya da abin da za ta haifar.

Abu ɗaya ya rage: abin da zai faru in jarumai suka naɗe hannu. Ku rubuta shi tun kafin wasa. Daren farko jiniyar masaƙa ta yi kuka, alhali an yanke wutar wurin shekaru da yawa. Dare na uku aka ga fitila a bakin ruwa. Dare na biyar injin farko ya ƙetare. Rana ta bakwai ma'aikata suka gane, suka nufi gada da sanduna. Da wannan a hannu, yankin yana motsi da kansa, ba sai kun tura kowa ba.

Abin da ba a hawa da shi tebur

Duk wanda ya zauna a Kaduna ya san rikice-rikicen da suka faru a watan Fabrairun 2000 da watan Nuwamban 2002, ya kuma san yadda bayan nan mutane suka yi ta ƙaura, Musulmi da yawa suka koma arewacin kogi, Kirista da yawa suka dawo kudu. A ajin nan ma mai yiwuwa akwai wanda ya rasa gida ko ɗan'uwa. Ra'ayina a nan ba shi da kwana-kwana: kada addinin wani ko ƙabilarsa su zama abokan gaba a wasanku, ko da an canza musu suna. Mutane suna ganewa. Rigima a kan albashi, bashi, fili, kuɗin fito ko sarautar kasuwa ta isa ta riƙe labari, kuma tana barin Musa da Bulus su zauna gefe ɗaya suna shawarar yadda za su tsallake katanga. Kafin zaman farko mai jan labari ya tambayi kowa ko akwai abin da ba ya son a taɓo. In wani ya ce wuta, ko satar mutane, sai a cire, ba a tambayarsa dalili.

Yadda zaman farko kan kasance

Ga ɗan misali. 'Yan wasa uku ne: ungozoma, makaniki da ɗan dako.

Mai jan labari ya ce, "Bayan isha'i ne, an ɗauke ruwa yanzun nan. Kuna rumfar Inna, tana kankare tukunya. Sai jiniyar masaƙa ta ɗauki kuka. Duk wanda ke rumfar ya tsame hannu daga kwano. Inna kaɗai ce ba ta ɗaga kai ba."

Mai ungozoma ta ce, "Na matsa kusa da ita. Inna, ke ba ki ji abin da muka ji ba?"

Mai jan labari ya sauya murya: "'Yar nan, kunnena ya tsufa. Ci tuwonki kada ya huce." Sannan da muryarsa ya ƙara, "Amma kin ga wani kwano a rufe a ƙarƙashin benci, an ɗaure shi da tsumma."

Makaniki ya ce, "Ni dai na san jiniya ba ta kuka ba wuta, sai in ta hannu ce. Zan je wajen Baba mai gadi." Da ya isa ya ce, "Sannu da aiki, Baba. A taimaka a buɗe mana mu duba."

"Samari, ku koma gida. Shekara nawa ina nan, ba a taɓa buɗe ƙofar nan da dare ba."

Shawo kan Baba abu ne mai wuya, sai 5 ko 6. Makaniki ya jefa, ta ba shi 2. To, a nan ne ake gane gwani. Ba a cewa "ka faɗi" a yi shiru. Mai jan labari ya ce, "Baba ya ƙi. Amma da ya juya, ka lura tafin hannunsa duk baƙin man inji ne, sabo, yana sheƙi." Ƙofa ba ta buɗe ba, amma labari ya ci gaba. Ɗan dako kuwa tuni ya ce shi zai zagaya ta magudanar da a da ruwan rini ke bi zuwa kogi.

Ba mai jan labarin ne ya shirya zagayawa ta magudana ba. Amma da yake ya san masaƙa tana zubar da ruwan rini, ya san dole akwai magudana, ya kuma san inda ta ɓulla. Amfanin gina wuri daga sana'arsa ke nan: in aka tambaye ku abin da ba ku rubuta ba, wurin da kansa zai ba ku amsa.

Jita-jita da yanayi

Kada ku karanta wa 'yan wasa tarihin yanki, za su yi hamma. Ku mayar da shi jita-jita, su tsinta a kasuwa da wajen mai shayi. Ku rubuta guda shida, wasu gaskiya, wasu ƙarya, wasu rabi da rabi, duk wanda ya zauna hira ya jefa ƙwaya ya ji ɗaya. Na Ƙetare su ne:

1. Ma'aikatan da suka mutu ba a biya su ba ne ke kaɗa jiniya.
2. An ga dillalin ƙarafa ya shiga gidan sarkin ruwa da goro.
3. Akwai tsohon kada a bakin magudana, ba ya taɓa wanda ya yi masa sallama.
4. Takardun albashin ma'aikata suna nan a wani akwatin ƙarfe a ofishin sama.
5. Za a rufe gada ranar kasuwa.
6. Baba mai gadi ba shi kaɗai yake kwana a ciki ba.

Ku kaɗai kuka san wacce ce gaskiya, kuma ba laifi ku bar ɗaya ko biyu ba ku yanke ba sai wasa ya kai can.

Ku zaɓi lokacin shekara ma, don taswira ɗaya ƙasa biyu ce. Da rani kogin Kaduna yakan ja baya, duwatsu da yashi su fito, 'yan yashi da masu wanki da masu lambu su cika bakinsa, a wasu wuraren har a taka a ƙetare. A watan Agusta da Satumba kuwa ya cika ya batse, wani lokaci ya shiga gidaje, kamar ambaliyar Satumban 2003 da mazauna bakin kogi ba su manta ba. Labarin Ƙetare da damina ya fi armashi, saboda ƙetarar da inji a kan ruwa mai ƙarfi kasada ce, ga shi kuma magudanar da ɗan dako ke son bi tana iya cika yana ciki.

A gefen takarda ku bar hanyoyi biyu ko uku su fice ba tare da kun zana inda suka nufa ba. Ku rubuta kalma ɗaya kawai a bakin kowace: "babban birni", "dajin kudu", "garin auduga". Ranar da 'yan wasa suka ce za su bi ɗaya, kuna da mako guda kafin zama na gaba, sai ku zana.

Aikin aji

Ku rabu huɗu-huɗu. Kowace ƙungiya ta zaɓi unguwar da ɗaya daga cikinta ya fi sani, ko Barnawa ce, ko Television, ko Kudenda, ko Unguwar Romi, ko ƙauyen da ya fito. A rubuta jimla biyu: da me ake ci a wurin, kuma me ya girgiza shi. Sannan a zana taswira a shafi ɗaya, da ruwa ko tudu, da hanya, da wurare biyar, da tsawon tafiya a tsakaninsu. Wanda hannunsa bai faɗa da rubutu ba tukuna shi zai yi zanen, ya kuma faɗi sunayen wurare wani ya rubuta, daga baya ya kwafa da kansa.

A gida, kowa ya shirya mutum ɗaya na gari cikin layi uku, kada ya zama wani da ake iya ganewa a unguwa. Ku kuma nemi wani dattijo da ya yi aiki a masaƙa, ko a tashar jirgi, ko wata da ta yi sana'a a ƙofarsu, ku tambaye shi yadda rana ɗaya ta aiki take tun daga fitowa gida har tashi, ku rubuto abubuwa uku da ba ku sani ba a da.

Lissafi: in abu yana buƙatar 4, 5 ko 6, aka gwada sau 12, sau nawa ake sa ran dacewa? In yana buƙatar 6 kaɗai fa? Ku fara amsawa a takarda, sannan ku jefa sau 12 ku rubuta abin da ya fito, ku zo da duka biyun mako mai zuwa, tare da taswirarku da ƙwaya ko hula.